Sista Safara'u, Mai Duba Idon Kowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Safara'u Lawwali, ma'aikaciyar jinya, wadda kowa a asibitinmu ke kira Sista Safara'u. Ta cika a ɗakin mata, a kan gadon da ke kusa da taga, gadon da ita da kanta ta sha gyara wa wasu. An yi mata sutura a gidan mijinta, Malam Almu, a Ƙofar 'Yandaka, aka kai ta makwancinta bayan sallar La'asar. Ni Hajo, abokiyar aikinta tun muna 'yan mata a makarantar koyon jinya, ina cikin waɗanda suka yi mata wanka.

Safara'u, bari in juyo in yi magana da ke, don ban saba yin zancenki a bayan idonki ba. Kin tafi kin bar mini amana guda, amanar yarinyar nan Ramla, nas ɗin da kika horar a ɗakinmu. Kin ce in kai ta a duba ta tun lokaci bai ƙure mata ba yadda ya ƙure miki. Zan gaya miki inda maganar ta kwana. Amma kafin nan sai na gaya wa waɗanda ba su san ki ba ko ke wace ce, don su gane abin da ya sa kika damu da ita har a kan gadon mutuwa.

Ranar da muka fara haɗuwa kin kalli takalmina kika tambaye ni ko da ƙafa na tako daga Batagarawa. Na ce i, kuma na riga ki zuwa, ke da gidanku ke nan bayan ganuwa. Tun daga ranar kike ce mini baƙauyiya, ni kuma ina ce miki 'yar birni mai tsoron kaza. Fiye da shekara ashirin muka yi muna wannan tsiya, a gaban ɗalibai, a gaban likitoci, har 'ya'yanmu suka tashi suna zaton sunayenmu ke nan. Yanzu ba wanda ya rage da zai ce mini baƙauyiya in ji daɗi.

Duk wanda ya yi aiki da ke ya san ɗabi'arki guda. Ba kya gama gaisawa da mace sai kin sa babban yatsa kin ja fatar idonta ta ƙasa, kin leƙa ko akwai jini. Kin yi wa marasa lafiya, kin yi wa masu jinyarsu, kin yi wa masu shara, kin yi wa mai kawo mana awara da rana. Wata rana a Babbar Kasuwa na ga kin bar cinikin atamfa kin kama fuskar matar da ke tsaye kusa da ke, wadda ba ki taɓa gani ba, kika ce, "Baiwar Allah, kawo idonki." Kunya ta kama ni har na koma bayan rumfa. Matar nan kuwa ta zo asibiti washegari, aka same ta ba jini, aka kwantar da ita. Har yau in ta gan ni sai ta tambayi 'yar'uwata mai duba ido, kuma ban san yadda zan gaya mata ba.

Mutanen waje suna ganin farin yunifom su ce mun ji daɗi. Ba su san farin nan shi ne abokin gabarmu 'yan kwanaki a kowane wata ba. Nas tana shiga duti, wato aiki, ta tsaya a kan ƙafafunta daga safe har rana ta karkata. Ta ɗaga matar da ta fi ta nauyi, ta juya wadda ba ta iya juyawa, ta shaƙi warin maganin wanke kayan aiki har kanta ya sara, allura ta soke ta ta matse yatsa ta ci gaba. Wannan makon tana aikin safe, mako mai zuwa an juya ta zuwa na dare, jikinta ya rasa lokacin barci da na ci, har al'adar wasunmu ta rikice su daina sanin ranarta. Muna gaya wa marasa lafiya su sha ruwa da yawa, mu kuma muna ƙin sha don kada fitsari ya matse mu, saboda banɗakin ma'aikata ɗaya ne, nesa, kuma sau da yawa ba ruwa. Duk wannan da ciwon mara a ciki ake yin sa, da murmushi a fuska. Haka muka tarar, kuma ba mai zancensa, don abin kunya ne a wurinmu ko da mu ne muke koya wa mata kada su ji kunyarsa.

Ke ce kika fara ajiye zani mai duhu a akwatinki na wurin aiki, da audugar mata, da filas na ruwan zafi da citta. Ba ki taɓa sanarwa ba. In kika ga yarinya tana tafiya tana bin bango da baya, sai ki wuce ta kusa da ita, ki ɗaura mata zanin a ƙugu kamar kina gyara mata tsayuwar riga, ki karɓi abin da ke hannunta ki ce ta je ta dawo. 'Yan mata da yawa da yanzu suke manyan sistoci a wasu garuruwa sun taɓa ɗaura zanin nan. Da aka sanar da rasuwarki, shi suka riƙa ambata a waya suna kuka.

Amma babban abin da kika yi mana shi ne maganar salla. Al'adar ɗakinmu tun kafin mu zo ita ce, in an kira Azahar, duk masu salla su tafi tare, su yi alwala, su yi salla, su ɗan taɓa abinci, a bar ɗakin a hannun wadda ke fashin salla. Ai ita ba inda za ta. Da azumi kuwa abin ya fi haka, duk wani aikin ƙarfi sai a ce a ba wance, ita ba ta azumi yau. An bar mini ɗaki haka, ke ma an bar miki, kuma ba wadda ta taɓa ganin aibin abin. Gani muke tsari ne mai kyau, kowa ya samu jam'i, ɗaki bai zauna ba kowa ba.

Ramla ce ta sa kika gani. Lokacin sabuwar zuwa ce, siririya, mai yawan "to, Sista". Wata rana tana fashin salla, aka tafi aka bar mata ɗaki cike. Kin riga kowa dawowa, kika same ta ta riƙe ƙarfen gado da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗaga robar ƙarin ruwa, gumi ya jiƙa mata hijabi, bayan rigarta ya ɓaci, wata tsohuwa mai jinya tana ƙoƙarin kare ta da mayafinta. Kin ɗaura mata zanin, kin zaunar da ita, kin karɓi robar. Kika jira sai da muka dawo dukkanmu muna gyara hijabai. Sannan kika dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Allah da Ya halicce ta Ya ɗauke mata salla, Ya san halin da take ciki," kika ce. "Ku kuma kun ce tunda an ɗauke mata salla, ta ɗauki ɗaki guda ita kaɗai. Ku hwaɗa mani, kun hi Shi sanin ta ne?"

Daga wannan rana aka koma yin salla bi da bi, wasu su tafi wasu su tsaya, kuma wadda ke fashin salla ita ma tana da nata lokacin, daidai da na kowa, ta je ta gyara jikinta, ta zauna, ta sha ruwan zafi. An yi gunaguni. Wasu sun ce kin raba musu jam'i, wasu sun ce kina lalata yara da shagwaɓa, mu da muka yi a zamaninmu mutuwa muka yi? Kin bar su suna faɗa har suka gaji.

Sai maganar wurin da za a zauna ɗin. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda da aka cika da karyayyun gadaje. Kin nemi a ba mu, aka yi ta ce miki ana dubawa. Da aka kira taron shugabannin sassa, aka zo kan buƙatarki, wani babba ya tambaya wai me mata za su yi da ɗaki na musamman. Ni da nake zaune kusa da ke na taka miki ƙafa, don na san ki. Kin janye ƙafarki kika miƙe kika ce, "Ranka ya daɗe, haila suke yi. Kowane wata. Suna son inda za su canza auduga su wanke hannu kahin su koma su taɓa maka marasa lahiya." Maza suka shiga kallon silin kamar yau aka kafa shi. Kafin mako ya zagayo an kwashe gadajen, an kawo randa da buta da benci. Ba a rubuta komai a ƙofar ba, amma kowa ɗakin Safara'u yake ce masa.

To, a nan ne zancen yake yi mini ɗaci. Tsarin da kika kawo ya sa muka koyi lura da juna ta wurin darduma. Wadda ba ta tashi salla ba, mun san halin da take ciki, mu sassauta mata. Wadda kwanakinta suka yi yawa, ke ce mai fara jan ta gefe ki tambaye ta. Ke kuwa ba mu taɓa ganin kwanakinki sun wuce ƙa'ida ba. Kina alwala tare da mu, kina salla tare da mu, muka ɗauka lafiya lau kike. Ashe kin fi shekara jini bai ɗauke miki yadda ya kamata ba.

Sai a zaman makoki muka ji yadda aka yi, daga bakin Malama Halimatus Sa'adiyya, malamarku ta Islamiyya. Ta ce kin same ta bayan an tashi karatu kika tambaye ta hukuncin macen da jini ya zarce mata kwanakin al'ada. Ta ba ki amsa yadda take a littafi, cewa in ya wuce iyaka ya zama jinin ciwo, mace ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Sannan ta ce miki, "Amma Hajiya, sunansa jinin ciwo. Mai shi ta tafi asibiti." Kika yi dariya kika ce, "Malama, ai daga can nike." Kin kai tambayar sallarki inda ya dace, kin samu amsa, kin yi aiki da ita ba ki bar salla ko ɗaya ba. Tambayar jikinki kuwa kin riƙe ta a hannunki, kina tafe da ita kullum a cikin asibiti, kina wuce ƙofar likita.

Na ga kina ramewa, na ga kina haki in kin hau 'yar matattakalar ɗakin tiyata. Wata rana na kai hannu zan ja fatar idonki, kika doke mini hannu kika ce, "Baƙauyiya, kwallina za ki ɓata mani? Ba ga ni ina salla gabanki ba?" Kin rubuta wa kanki maganin ƙarin jini, kin ce shekaru ne, al'ada ce ke ban kwana. Irin amsar da in mara lafiya ta ba ki sai kin yi mata faɗa har ta yi hawaye. Ina jin haushinki a kan wannan, Safara'u, kuma ba zan ɓoye ba don kin mutu. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Daga baya, da kika kwanta, kin gaya mini dalilinki. Likitan mata da muke da shi yaro ne da ya zo hannunki yana sabon gama makaranta, ke kika koya masa yadda ake samun jijiyar jariri, Mama yake ce miki. Kin ce ba za ki iya kwanciya a gabansa ba. Kin ce in kika yanki kati kika zauna a layi, kafin Azahar duk asibiti ya ji. Kin ce kuma mu kaɗan ne, in kika kwanta wa zai riƙe ɗakin? Na saurare ki ban yi gardama ba, don na san kowace nas a garin nan tana da waɗannan dalilai a ajiye, tana jiran ranar da za ta yi amfani da su.

Ranar da kika faɗi, da rana tsaka ne, kina tallafar wata mai jego za ta sauko daga gado. Da aka ja fatar idonki, ni na ja, fari fat. Aka yi awo, aka yi hoto, aka ce ciwon daji ne a mahaifa, kuma ya riga ya yi nisa. Yaron nan da kike jin kunya shi ya tsaya a kanki har ƙarshe. Na same shi a baranda ya kifa kai a bango. Ban ce aiki ne ya kashe ki ba, kwana ne ya ƙare, kuma ba mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma aikin nan ne ya koya miki cije baki da cewa sai an jima, ya koya miki har kika fi kowa iyawa.

Ana saura 'yan kwanaki ki rasu kika sa kowa ya fita, kika riƙe mini hannu. Muryarki ta yi ƙasa sosai.

"Hajo, ɗiyar nan Ramla ta zo ta tambaye ni hukuncin jinin da ya zarce. Hukuncin salla ta tambaye ni, ba ta tambaye ni magani ba. Kin gane?"

Na ce na gane.

"Ki kai ta. Ko da ja ne. Kada ki bari ta yi maki dariya yadda na yi ma Malama."

Na yi ƙoƙari tun kina da rai. Na tare ta a ɗakinki na ƙarshen baranda, ta sunkuyar da kai ta ce gajiya ce kawai. Na sake tare ta, ta ce an sa bikinta bayan Babbar Salla, in aka ga budurwa a layin likitan mata, kafin ta isa gida magana ta riga ta isa gidan surukai, kuma ba wanda zai tsaya ya tambayi me ya kai ta. Ba ƙarya ta yi ba, mun san garinmu. Na ce to mu tafi wani wuri. Sai ta ɗago ta yi ɗan murmushi ta ce, "Sista, lahiyata lau. Ba ga ni ina salla ba?" Na taɓa jin maganar nan daga bakinki. Kin cika ban cika miki alkawari ba, kuma da wannan nauyin na zuba miki ruwa.

Ranar sadakar uku, lokacin da Malama take ba da labarin tambayarki tana share hawaye da gefen hijabi, Ramla tana tsakar gida tana raba wa mata abinci. Na ga ta tsaya da faranti a hannu. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye farantin a kan tabarma, ta shige ɗakin 'yarki Zara. Ban bi ta ba.

Washegari da safe ina ɗakinki ina cika filas, ta turo ƙofa ta shigo. Ba kwalli a idonta. Ba ta ko gama gaishe ni ba ta matso, ta sa yatsanta ta ja fatar idonta da kanta, ta ce, "Sista, duba." Na duba. Na je na nemi wadda za ta riƙe mana ɗaki, kuma ba a yi mini musu ba. Muka cire yunifom, muka sa hijabanmu na gida, muka tari mai kurkura, keken nan mai ƙafa uku, ya kai mu can wani gefen gari wurin wata likita mace da ba ta san mu ba. Ramla ta riƙe hannuna tun daga bakin titi har aka kira sunanta.

An duba ta, Safara'u. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma an ga abin da ke jawo zubar, amma likitar ta ce irin wanda ake magancewa ne, kuma an zo da wuri. Ta fara shan magani, za ta koma a sake dubawa. Ita da bakinta ta gaya wa wanda zai aure ta, ya ce lafiyarta ce gaba da biki. Amanarki ta isa inda kika aike ta.

Akwai kuma abin da ba ki sa ni ba. Da muna zaune a layin nan, Ramla ta juyo ta dube ni ta ce, "Sista, ke fa? Yaushe rabon da a duba ki?" Na buɗe baki zan ba ta irin amsarmu, sai na ji ba zan iya ba. Na tashi na je na yanki nawa katin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Almu, wanda ya yi haƙuri da matar da asibiti ya fi shi ganinta, bai taɓa yi mata gori ba. Ina yi wa 'ya'yanta, Mahmud da Zara da Khalifa, ta'aziyya, tare da 'yan'uwanta na Ƙofar 'Yandaka, da Malama da ɗalibanta, da dukkan ma'aikatan jinya da suka taɓa ɗaura zaninta. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya albarkaci abin da ta bari. 'Yan'uwana nas-nas kuma, roƙona gare ku ɗaya ne. In kun ga 'yar'uwarku a kan darduma, ku yi mata fatan Allah Ya karɓa, in ta sallame ku ce ta kawo idonta.

Ya Allah, ga baiwarKa Safara'u ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ta suturta bayinKa mata a lokacin da suke jin kunya, Ka suturta ta ranar da asirai ke tonuwa. Ta sauƙaƙa wa masu rauni, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Zaninki yana nan rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinki, 'yar birni. Na wanke shi na mayar, kuma jiya an ɗauka.